Ƙaron Maje

A Kakuri, bayan layin dogo,
inda jiniyar masaƙa ta yi shiru tun ina goye,
Baba Jatau na da kwalabe bakwai a bakin taga.
Babu mai suna a jikinta.
Hanci ke karanta su.

Shekara ashirin da biyu yana haɗa rinin atamfa.
Ran da aka garƙame ƙofa
takarda aka ba shi, da haƙuri,
ya dawo gida da idon da ke bambance ja da ja.

Ni yake aika Panteka.
"Shelak mai kama da ɓawon albasa, ba mai duhun nan ba.
Sifirit kuwa, ɗiga a tafin hannu, ki hura.
In ya bar danshi an yi masa ruwa,
ajiye musu kayansu."

Ƙaron maje daga Kaciya yake zuwa,
da ɓawo, da matattun tururuwa a cikinsa.
Ni ke tsincewa, ni ke dakawa
a turmin da Inna ta sallama tun da miyarta ta yi ɗaci.
Majigi cokali guda,
gangamau abin da yatsu biyu suka ɗauka.
A zuba, a toshe, a girgiza safe da yamma,
nesa da murhu,
nesa da sigarin Kawu Barau,
har kwana tara.
Sai a tace da tsohon ɗankwali,
ya sauko a hankali kamar zumar da ke jin kunya.

Masu garaya sun san gidan, masu kukuma ma.
Amma ran wata Talata a tsakiyar damina
Madam Kuyet ta sauko daga keke Napep,
tun daga Sabon Tasha rungume da akwati.
Gogen Turawa ne, na maigidanta da ya rasu,
jikanta ke son koyo.
Ta aza yatsa a gefe, inda katakon ya koɗe ya yi fari,
inda haɓar mutum ta kwana shekara talatin.
"A shafa ko'ina," ta ce, "ban da nan."

Kwana huɗu muna jiran rana.
Baba ya ce in aka shafa cikin hadari
fuskar takan yi hazo kamar idon tsoho.
Ran na biyar gari ya washe.
Ya tsoma buroshi, ya ɗaga,
sai na ga bakin gashin yana rawa.
Shi ma ya gani.
Ɗigo ɗaya ya faɗi a kan tabarma.

Bai ce komai ba, ya miƙo mini.

"Ja ɗaya, daga wuya zuwa ƙugu.
Inda kika wuce kin wuce.
Sifirit ba ya jiran mai shawara."

Na ja. Na hango wani ɗan wuri da na tsallake,
bai kai ƙwayar gero ba.
Na koma.
Nan take ya yage, ya tattare kamar fatar madara.

Na jira faɗa.
Ya yi dariya har da tari.
"Ni ma sai da na ɓata garaya uku.
Bari ya bushe. Gobe ma rana ce,
in Allah ya hana ruwa."

Na goge, na sake, na goge.
Shafa ta tara ce ta tsaya.
Jan ya shige cikin katako ya zauna,
har ana ganin darbejiyar tsakar gida a bayansa.

Da Madam ta zo ba ta dubi ƙyallin ba.
Farin wurin nan ta nema,
ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe.

Da dare na tarar Baba ya matsar da kwalabensa.
Ya bar gurbin guda a bakin taga.
Hannuna har yau warin ƙaro yake,
sabulu ya yi iya yinsa.